Fahimtar Juna Kafin Rabon Ruwa: Nazarin Zaurukan Kwarurrukan Koguna a Tsarin Ruwa na Jihar Kolorado

Tsakure

Wannan muƙala ta nazarci hanyar da jihar Kolorado ta ƙasar Amurka ta bi wajen tara mazauna kwarurrukan kogunanta a kan tsarin ruwa guda, bayan shekaru masu yawa na zargin juna tsakanin gabashi da yammacin jihar. An bi diddigin lamarin tun daga tushen dokar ruwa ta jihar, zuwa kafa zaurukan tattaunawa tara a 2005, har zuwa fitowar kundin tsarin ruwa a 2015 da sabunta shi a 2023. Nazarin ya gano cewa zaurukan sun yi tasiri duk da ba su da ikon raba ko da ɗigon ruwa, domin sun fara daidaita alƙaluma da ma'anar kalmomin da ake jayayya da su. Daga ƙarshe an nuna aikin da ke jiran masana Hausa a irin wannan tattaunawa a kwarin Haɗejiya da Jama'are da Yobe.

Fitilun Kalmomi: kwarin kogi, zauren tattaunawa, haƙƙin rigaye, giɓin ruwa, keɓaɓɓun kalmomi

1.0 Gabatarwa

Kogi ba ya bin iyakar da hukuma ta shata. Abin da aka yi masa a sama, na ƙasa ne ke kwana da shi. Saboda haka duk jihar da ta ƙunshi koguna da yawa, idan ta tashi tsara makomar ruwanta, sai ta tarar ba da murya ɗaya jama'arta ke magana ba. Mai noman rani da mai kamun kifi da hukumar ruwan birni kowa na da lissafinsa, kuma sau da yawa kalma ɗaya suke furtawa alhali kowa da abin da yake nufi.

Kolorado misali ce mai kyau ta wannan matsala, domin yanayin ƙasarta ya raba ruwa da mutane gida biyu. Tsaunukan Roki sun ratsa jihar daga arewa zuwa kudu. Kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke sauka, mafi yawansa dusar ƙanƙara, yana gangarawa ne ta yamma, yayin da fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen jihar, waɗanda ƙidayar 2020 ta nuna sun kusa miliyan 5.8, ke zaune a gabas, a Denba da biranen da ke jere a gindin tsaunukan. Manufar wannan muƙala ita ce fito da matakan da aka bi har ɓangarorin biyu suka iya zama su tsara abu ɗaya. An dogara ne da dokar da ta kafa zaurukan da kuma kundayen tsarin da suka fito daga aikinsu.

2.0 Fashin Baƙin Muhimman Kalmomi

Kwarin kogi, a wannan nazari, yana nufin ilahirin ƙasar da ruwanta ke gangarawa ya taru a kogi ɗaya, tun daga kan tudu har mafita. Eka-ƙafa ita ce ma'aunin da ake auna ruwa da shi a yammacin Amurka, wato ruwan da zai rufe gona mai faɗin eka ɗaya har zurfin ƙafa ɗaya, kimanin lita miliyan 1.2. Haƙƙin rigaye kuwa shi ne ginshiƙin dokar ruwa ta jihar: wanda ya riga ɗibar ruwa ya yi amfani da shi a kan abu mai fa'ida, shi ke gaba. Idan ruwa ya yi ƙaranci, mai tsohon haƙƙi zai sami rabonsa cikakke kafin mai sabon haƙƙi ya sami komai. Mafi daɗewar haƙƙin da ake aiki da shi a jihar shi ne na wata magudanar manoman garin San Luis, wanda ke ɗauke da shekarar 1852.

3.0 Tushen Saɓanin

Tsarin mulkin jihar na 1876 ya tabbatar da haƙƙin rigaye. A 1882 kuma kotun ƙolin jihar, a shari'ar Coffin da kamfanin magudanar Left Hand, ta yanke hukuncin cewa ana iya ɗaukar ruwa daga rafi a kai shi wani kwarin daban, muddin mai ɗaukar ya riga wasu. Wannan hukunci ne ya buɗe wa biranen gabas ƙofa. Suka shiga huda tsaunuka suna janyo ruwan yamma. Ramin Moffat ya fara kai wa Denba ruwa a 1936. Ramin Alva B. Adams, mai tsawon kusan kilomita 21, ya fara aiki a 1947. Ramin Roberts, mai kusan kilomita 37, ya biyo baya a farkon shekarun 1960. A yau ana tsallakar da kimanin eka-ƙafa 500,000 daga yamma zuwa gabas a kowace shekara.

Mutanen yamma sun ɗauki wannan a matsayin kwashe musu makoma, domin ruwan da ya tsallake tsauni ba ya dawowa. Manoman gabas su ma da tasu fargabar. Duk lokacin da birane suka kasa samun ruwa daga yamma, sai su juya su sayi haƙƙin ruwan gonaki. Gundumar Crowley da ke kwarin Akansas ta zama abin misali: a shekarun 1970 da 1980 aka sayar wa birane mafi yawan ruwan gonakinta, gonakin suka bushe, kasuwancin garuruwanta ya durƙushe.

Abubuwa uku sun nuna cewa tsohuwar hanyar ta kai ƙarshe. A 1990 hukumar kare muhalli ta tarayya ta hana gina babbar madatsar Two Forks da Denba ta daɗe tana shiryawa. A 2002 aka yi fari mai tsanani da ya girgiza birane da gonaki. A 2003 kuma gwamnati ta nemi amincewar jama'a ta ƙuri'ar raba gardama domin ciwo bashin da zai kai dala biliyan 2 na ayyukan ruwa, ba tare da ta fayyace ayyukan ba. Dukkan gundumomin jihar 64 suka ƙi. Wannan sakamako ya bayyana cewa abin da ya yi ƙaranci ya wuce ruwa da kuɗi. Babu wanda ya yarda da wani.

4.0 Kafa Zaurukan Tattaunawa

A 2005, a zamanin Gwamna Bill Owens, majalisar jihar ta zartar da dokar da ta kafa zauruka tara. Russell George, wanda ke shugabantar ma'aikatar albarkatun ƙasa a lokacin, shi ne jigon tunanin. Takwas daga zaurukan na kwarurrukan koguna ne: Akansas, da Kolorado, da Gunnison, da Platte ta Arewa, da Platte ta Kudu, da Rio Grande, da Kudu maso Yamma, da kuma Yampa da White da Green a haɗe. Na tara na Denba da kewayenta ne. Kowane zaure ya ƙunshi wakilan gundumomi da garuruwa da hukumomin ruwa na yankin, tare da kujeru goma da aka ware wa manoma, da masu kare muhalli, da masu harkar shaƙatawa a koguna, da masana'antu, da masu samar da ruwan sha. Dokar ta kuma ba waɗanda ke zaune a wajen kwari amma suke da haƙƙin ruwa a cikinsa damar zama a zauren ba tare da ƙuri'a ba. Ta haka mai janye ruwa da wanda ake janyewa daga gare shi suka rinƙa haɗuwa a ɗaki ɗaya.

A saman zaurukan aka kafa kwamitin sulhu tsakanin kwarurruka mai mutum 27: biyu daga kowane zaure, shida da gwamna ke naɗawa, biyu daga kwamitocin noma na majalisun jihar, sai darakta guda. Abin lura shi ne dokar ta faɗa ƙarara cewa ba za a taɓa haƙƙin ruwan kowa ba. Wannan sharaɗi yana kama da rauni, amma shi ya sa mutane suka yarda suka zo. Wanda ya tabbata ba za a ƙwace masa komai a taro ba, yakan saki jiki ya faɗi abin da ke ransa.

5.0 Matakan Gina Fahimtar Juna

5.1 Alƙaluma Guda

Kafin 2004 kowane ɓangare da ƙididdigarsa yake zuwa mahawara. Hukumar kula da ruwa ta jihar, wadda aka kafa tun 1937, ta gudanar da binciken buƙatu da wadatar ruwa na jihar baki ɗaya a 2004, ta sabunta shi a 2010 da 2019. An yi amfani da hanyar lissafi ɗaya a dukkan kwarurruka, aka kuma miƙa wa kowane zaure alƙaluman yankinsa ya duba ya gyara. Daga nan aka daina jayayya a kan ko akwai matsala, aka koma tattauna girmanta. Kundin 2015 ya ƙiyasta giɓin ruwan birane da masana'antu zai iya kai eka-ƙafa 560,000 a shekara nan da 2050. Kundin 2023 ya ba da tazara daga 230,000 zuwa 740,000.

Wannan tazara ta samo asali ne daga wata dabara. Zaurukan ba su yi ittifaƙi a kan yadda gobe za ta kasance ba, musamman game da sauyin yanayi da yawan jama'a. Maimakon a tilasta hasashe ɗaya, sai aka zana guda biyar, tun daga na raunin tattalin arziki har na zafi mai tsanani haɗe da bunƙasar birane. Aka kuma ware ayyukan da za su yi amfani ko wanne hasashe ya tabbata, aka ce a fara da su. Mutum na iya ƙin yarda da hasashen abokin zamansa, duk da haka ya yarda da aikin.

5.2 Kalmomi Guda

Wannan mataki shi ya fi shafar masu nazarin harshe. Kalmar "buƙata" a da tana nufin ruwan da za a ɗiba daga kogi kawai. Dokar 2005 ta wajabta wa kowane zaure ya tantance buƙatu iri biyu: masu cinye ruwa, irin noma da sha, da waɗanda ba sa cinye shi, irin rayuwar kifi da tuƙin kwalekwale. Da ma tun 1973 doka ta amince a riƙe haƙƙin ruwa domin a bar shi yana gudana a kogi, amma yanzu ne aka sa wannan buƙata a jadawali ɗaya da ta birni. Faɗaɗa ma'anar kalma ɗaya ya ba wasu mutane kujera a zaure.

Haka lamarin yake ga kalmar "tsimi". Mazaunin birni na ganin manomin da ke malala ruwa a gona ɓarna yake yi, tun da noma ke cin kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ake amfani da shi a jihar. Sai da aka zauna aka fayyace bambanci tsakanin ruwan da aka ɗiba da ruwan da shuka ta sha. Ragowar yana nutsewa ƙasa ya koma kogi bayan makonni ko watanni, kuma da shi na ƙasa ke ban ruwa. Idan na sama ya rage malala ba tare da lissafi ba, na ƙasa ne zai rasa. Da wannan bayani ya zauna a zukata, aka daina amfani da "tsimi" a matsayin zargi.

Akwai kuma laƙabin da aka yi wa abin da ya sami Crowley, wanda ma'anarsa ita ce "a saya a busar". Samun suna ya sa abin ya zama matsalar kowa, har kundin 2015 ya sa burin samar da eka-ƙafa 50,000 nan da 2030 ta hanyoyin da manomi zai ba da hayar ruwansa na wani lokaci ba tare da ya rabu da haƙƙinsa ba. An kuma kwatanta mafita da kujera mai ƙafa huɗu: ayyukan da aka riga aka tsara, da tsimi, da ruwan gonaki, da sabon ruwa daga kogin Kolorado. Hikimar wannan siffantawa a fili take. Kujera ba ta tsayuwa da ƙafa ɗaya, don haka babu ɓangaren da zai ce a ɗora wa wani nauyin duka.

5.3 Aiki Tare a Kan Ƙananan Abubuwa

A 2006 aka buɗe wani asusu da ake zuba wa kuɗi daga harajin haƙar ma'adanai da mai da iskar gas. Duk mai neman tallafi daga asusun, sai zauren kwarinsa ya amince. Wannan ya sa manomi da mai kare muhalli suka saba yanke shawara tare a kan gyaran magudana ko ƙaramar madatsa, shekaru kafin a kai ga manyan batutuwa. Lokacin da Gwamna John Hickenlooper ya ba da umarnin rubuta tsarin ruwa na jiha a watan Mayu na 2013, zaurukan sun shekara takwas suna zama. Kowanne ya rubuta tsarin kwarinsa, in ban da na Denba da na Platte ta Kudu da suka haɗa nasu, aka sami kundaye takwas. A kansu aka gina kundin jiha da aka kammala a watan Nuwamba na 2015.

5.4 Fuskantar Babbar Tambaya

Tambayar da kowa ke tsoro ita ce: shin za a sake huda tsauni a janye ruwan yamma? A nan alƙaluma guda suka yi rana. Yarjejeniyar kogin Kolorado ta 1922, wadda ta haɗa jihohi bakwai, ta hana jihohin sama rage ruwan da ke wucewa ta Lee Ferry ƙasa da eka-ƙafa miliyan 75 a kowace shekara goma a jere. Idan aka gaza, haƙƙoƙin da suka zo bayan yarjejeniyar ne ke cikin haɗarin dakatarwa, kuma manyan ramukan da ke shayar da biranen gabas suna cikinsu. Ashe sabon aikin janye ruwa barazana ce ga gabas kamar yadda yake ga yamma.

A kan wannan fahimta kwamitin sulhu ya tsara ƙa'idoji bakwai da aka shigar cikin kundin 2015. Na farko, duk mai son sabon aikin janye ruwa ya san ba kowace shekara zai samu ba, kuma shi zai ɗauki asarar shekarun fari. Na biyu, dole ya kasance yana da wasu hanyoyin ruwa a gabas da zai jingina da su. Na uku, a sa alamomin da za su nuna lokacin ɗiba da lokacin dakatawa. Na huɗu, a yi shirin haɗin gwiwa da zai kare masu amfani da ruwa na yanzu daga dakatarwar dole, amma shirin ba zai rufe sabon aikin ba. Na biyar, a tanadi buƙatun yamma na gaba. Na shida, a ci gaba da tsimi da sake amfani da ruwa. Na bakwai, a kula da lafiyar koguna kafin aikin da lokacinsa. Ƙa'idojin ba su halatta aikin ba, ba su kuma haramta shi ba. Sun dai fayyace farashinsa ta yadda kowa ya ji da kunnensa.

6.0 Iyakokin Tsarin

Fahimtar juna ba ta ƙara ko ɗigo a kogi ba. Ƙa'idojin bakwai ba doka ba ne, kuma kotunan ruwa na nan suna yanke hukunci bisa haƙƙin rigaye. Shari'u ma ba su ƙare ba, kamar ƙarar da ƙungiyoyin kare muhalli suka shigar kan faɗaɗa madatsar Gross ta Denba, duk da yarjejeniyar da hukumar ruwan birnin ta ƙulla da hukumomin yamma a 2013. Kuɗi ma matsala ne: kundin 2015 ya nuna ana buƙatar ƙarin dala miliyan 100 a shekara, sai a 2019 masu ƙuri'a suka amince, da ƙyar, a ware harajin cacar wasanni domin rage giɓin. Sannan akwai tambayar wa ke zaune a zauren. Masu haƙƙin ruwa da ma'aikatan hukumomi sun fi samun sukunin halartar taro, abin da ya sa a 2021 Gwamna Jared Polis ya kafa kwamitin duba adalci a harkar ruwa kafin sabunta kundin.

7.0 Abin da Ya Shafi Masana Hausa

Kwarin Haɗejiya da Jama'are da Yobe yana fama da irin wannan saɓani na sama da ƙasa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Calawa ta 1992 sun sauya yadda ambaliya ke isa dausayin Haɗejiya da Nguru, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, batun madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are kuma ya daɗe yana raba kan Bauci da jihohin da ke ƙasa. A 2006 jihohi shida, wato Kano, Jigawa, Bauci, Filato, Yobe da Barno, suka amince a Damaturu da tsarin kula da kwarin tare da kafa asusu. Dokar ruwa da ƙarfin hukumomi sun bambanta ƙwarai da na Kolorado, don haka kwaikwayo kai tsaye ba zai yiwu ba.

Darasin kalmomi kuwa yana aiki. A wannan kwari manoma da masunta da makiyaya da Hausa suka fi fahimtar juna, ko da harshen gidansu Barbarci ne ko Fulatanci ko Badanci, alhali takardun tsari da Ingilishi ake rubuta su. Kalmar "ambaliya" masifa ce ga mai gida a bakin kogi, amma ga mai shinkafar fadama da masunci ita ce arzikin shekara. Idan jami'i ya yi alkawarin "hana ambaliya", wani zai yi murna, wani ya ji an yanke masa abinci. Akwai buƙatar tattara kalmomin da masu sana'o'in ruwa ke amfani da su, a tantance ma'anoninsu daga gari zuwa gari, a kuma samar da daidaitattun kalmomi na ma'auni da na sakin ruwa daga madatsa. Wannan aiki ne na masana ilimin ma'ana da walwalar harshe da fassara.

8.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa Kolorado ta shafe shekara goma, daga 2005 zuwa 2015, kafin zaurukanta su haifar da kundin tsari guda. A cikin waɗannan shekaru an daidaita alƙaluma, an faɗaɗa ma'anar wasu kalmomi, an tsaftace wasu daga zargi, an kuma saba aiki tare a kan ƙananan ayyuka kafin a taɓa babbar tambaya. Saɓanin gabas da yamma bai gushe ba, sai dai yanzu ɓangarorin sun san takamaiman abin da suka saɓa a kai, da abin da kowa zai rasa idan kogin Kolorado ya gaza. Ga kwarurrukan da Hausa ce harshen taronsu, matakin da ya fi kusa da hannu shi ne na kalmomi, kuma sassan nazarin Hausa na jami'o'in yankin suna da kayan aikin fara shi.